Shekara huɗu ina ta pip install, ga ra'ayina a kan pip da PyPI

Shekaranjiya da daddare wani ƙanena ɗan ajin ƙarshe ya kira ni murya kamar zai yi kuka, wai yaya datar da na saya da safe ta ƙare kaf kuma har yanzu abin bai gama sauka ba. Na ce me kake saukewa? Ya ce torch, wato PyTorch, wani kayan aikin Python na gina AI. Na ce a kan Ubuntu ko? Ya ce eh. Wallahi dariya ta kusa ƙwace min amma na danne, don ni ma haka ta faru da ni lokacin da nake sabon shiga, na rubuta pip install torch na tafi sallar isha'i, kafin in dawo saƙon kamfanin waya ne ya tarbe ni wai data ta ƙare. Wannan kiran ne ya sa na ce bari dai in zauna in rubuta abin da na gani game da pip da PyPI, tunda kusan kullum sai na yi amfani da su kuma ban taɓa biyan su ko sisi ba.

Ga wanda bai riga ya shigo harkar ba, abu biyu ne daban da mutane ke haɗawa. PyPI ita ce kasuwar, can ne masu rubuta laburaren Python suke kai kayansu su ajiye, an buɗe ta tun 2003 kuma gidauniyar Python Software Foundation ce ke riƙe da ita, yanzu kayan da ke ciki sun haura dubu 500. Shi kuma pip ɗan aike ne kawai, ka faɗa masa sunan abin da kake so ya ruga kasuwa ya kawo ya jera maka a inda Python zai gani. Ian Bicking ne ya rubuta shi a 2008, kuma tun daga Python 3.4 da ya fito a 2014 tare suke zuwa, ba sai ka nemo shi daban ba. Laburare kuma ba komai ba ne illa kod ɗin da wani ya riga ya sha wahalar rubutawa ya bari a buɗe, kowa ya ɗauka ya yi aiki da shi.

Bari in fara da yabo don kar a ce ɓatanci na zo yi. Ranar da na fara rubuta pip install requests, cikin daƙiƙa kaɗan abin ya sauka, shi kansa requests ɗin bai kai KB 100 ba, kuma pip ya lura da kansa cewa yana buƙatar wasu guda huɗu, urllib3 da idna da certifi da charset-normalizer, ya kwaso su duka ba tare da na ce komai ba. Layi uku na rubuta na jawo bayanai daga intanet. Gaskiya ranar ji na yi kamar an ba ni makullin gari. Django da ake gina manyan shafuka da shi, pandas na lissafin tebur, Flask, NumPy, duk da layi ɗaya kake samunsu, ba rijista ba kati ba imel, ba wanda zai tambaye ka daga wace ƙasa kake, kuma mu da muka saba da a ce mana katinku ba ya aiki a nan mun san darajar wannan. Sauri ma ba laifi, in dai sabis ɗinka na da kyau to PyPI ba ta cika ɓata maka lokaci ba, a shekara huɗun nan duk lokacin da na ga jan rubutu na ReadTimeoutError in na bincika sai in tarar daga ɓangarena ne matsalar take.

To amma duk wanda ya tsara abin nan a zaune yake a inda data ba ta da tsada, wannan kam ba sai an faɗa maka ba. pip ba ya tsayawa ya ce maka malam kayan nan jimillarsu giga kaza ne, in ci gaba? A'a, kana danna Enter ya kama aiki. Wanda ya saba da apt na Ubuntu ya san yana faɗa maka girman abin da zai sauke ya jira amsarka, shi kuwa pip ko oho. Abin da ya cinye datar ƙanena ke nan, torch na Linux a yadda yake zuwa yana janyo tulin laburaren NVIDIA na katin hoto, in ka haɗa su duka sun haura giga 2, alhali laftop ɗin yaron ko katin NVIDIA ɗin babu a ciki. Kaya ne ya saya da kuɗinsa da ba zai taɓa amfani da su ba. Maganin kuma layi ɗaya ne, pip install torch --index-url https://download.pytorch.org/whl/cpu, wannan zai kawo maka wanda ba ruwansa da katin hoto kuma bai kai MB 250 ba. Yana nan a shafin PyTorch ƙarara, amma wa ke karanta shafi in malamin YouTube ya ce kawai a rubuta kaza? TensorFlow, wani laburaren AI, ma haka yake, na Linux wajen MB 600 ne shi kaɗai. Ni yanzu duk laburaren da ban sani ba sai na fara leƙa shafinsa a pypi.org na duba wajen fayiloli na ga girmansa tukuna.

Wani abin haushin da na daɗe ina fama da shi, in sabis ya yanke ana saura kaɗan a gama, da can sai dai a koma farko, MB 400 sun tafi a banza ke nan. Sai a sigar pip ta 25.1 da ta fito a 2025 suka sa masa ikon ci gaba daga inda ya tsaya, to don Allah kafin komai ka rubuta python -m pip install --upgrade pip, shi wannan ɗan ƙaramin abu ne ba zai ci maka data ba. Sannan pip daƙiƙa 15 kawai yake jira in bai ji motsi ba ya fara ƙorafi, ni nakan ƙara masa --timeout 120 saboda na san halin unguwarmu da yamma.

Amma dabarar da ta fi ceto na ita ce ta filash, kuma abin mamaki ba a cika koyar da ita ba. pip download -r requirements.txt -d kaya, wannan zai sauke duk laburaren da ka jera sunayensu a fayil ɗin requirements.txt ya zuba a folda mai suna kaya ba tare da ya girka ba. Ka kwafa a filash, duk kwamfutar da ka je sai ka ce pip install --no-index --find-links kaya -r requirements.txt, shi ke nan ko a ƙauyen da babu sabis kake zai yi. Akwai lokacin da muka koya wa yara goma sha biyu Python a wani ɗaki da intanet ɗinsa sai addu'a, da tsakar dare na sauke komai sau ɗaya da datar dare mai araha, da safe filash ɗaya ya zagaye ɗakin. Sharaɗin kawai shi ne kwamfutocin su zama iri ɗaya, abin da ka sauke a Windows da Python 3.11 ba lallai ya yi a Linux ko a 3.12 ba, musamman irin su NumPy da ke da kod ɗin C a ciki. Yaro ɗaya da ya zo da Mac ranar sai da muka buɗe masa hotspot. pip ma yana da ma'ajiyarsa a kwamfutarka, abin da ka taɓa saukewa yakan ɗauko daga can a karo na biyu, pip cache dir zai nuna maka inda take, kar ka bari wata manhajar shara ta goge maka ita.

Sai maganar venv, wato ware wa kowane aiki muhallinsa na Python daban, wadda ita ce na yi shekara guda cur ina raina ta. Ina ganin ɓata lokaci ne, komai a wuri ɗaya nake zubawa. Ranar da abin ya juyo kaina, wani tsohon aikin lissafi ne da na yi wa wani ɗan kasuwa, yana tafiya lafiya lau, na sabunta NumPy saboda wani sabon aiki daban, ashe 2.0 ce da ta fito a watan Yunin 2024 ta shigo, tsofaffin laburaren da aka haɗa da 1 suka ƙi tashi, mutumin yana ta kirana ni kuma ina ta kallon jan rubutu. Laifina ne ba na kowa ba. Python siga ɗaya tak yake iya riƙewa na kowane laburare a muhalli ɗaya, in ka sa sabo tsoho ya tafi. python -m venv .venv kawai zai ba kowane aiki ɗakinsa, kowa da kayansa ba mai shiga na wani, kuma wannan yana cikin Python tun 3.3 a 2012, ni ne dai na ƙi ji. Yanzu ma Debian 12 da Ubuntu daga 23.04 zuwa sama sun daina lallashi, in ka ce pip install a wajen venv sai su jefo maka externally-managed-environment. Kullum sai na ga wani a guruf yana ba da shawarar a ƙara --break-system-packages, haba jama'a, sunan abin ma ai ya isa gargaɗi, su da kansu sun rubuta maka cewa fasa kayan gida za ka yi. Yi venv ɗinka ka huta.

Inda pip ya ɗan gaza a nan shi ne shara. Ka ce pip uninstall requests, shi kaɗai zai cire ya bar maka 'yan rakiyarsa huɗu a zaune. Bayan wata shida in ka yi pip freeze don ka ga jerin abin da ke girke sai ka ga sunaye tamanin, ba ka san wanne ka kira da kanka wanne ya biyo wani ba. Ni dai goge foldar .venv nake yi gaba ɗaya in sake sabuwa.

Akwai kuma abin da masu pip suka gyara a ƙarshen 2020 a sigar 20.3, da tallafin kuɗi daga Mozilla da Chan Zuckerberg Initiative. Da can pip zai iya girka maka laburare biyu da ba sa jituwa ya yi gum, sai ka zo aiki abu ya fashe. Yanzu yana tsayawa ya nemo sigar da kowa zai yarda da ita, wanda abu ne mai kyau, sai dai in ya rasa yakan dinga komawa baya yana gwada tsofaffin sigogi ɗaya bayan ɗaya yana saukewa, kai kuma datarka na zuba. In ka ga ya rubuta cewa yana duba sigogi da yawa na wani laburare kuma abin ya ƙi ƙarewa, danna Ctrl da C ka tsayar da shi, ka je ka rubuta masa takamaiman sigar da kake so.

'Yan Windows kuma ku naku ciwon kan daban ne. Na farko akwatin nan na Add python.exe to PATH da ke ƙasan shafin farko in ana girka Python, in ka manta ba ka danna ba sai kwamfuta ta ce ba ta san wani pip ba, rabin tambayoyin sababbin shiga a kan wannan ne wallahi. Na biyu Microsoft Visual C++ 14.0 or greater is required. Ma'anarsa laburaren ba shi da dafaffen fayil na sigar Python ɗinka, irin wanda ake kira wheel, don haka pip ya kawo ɗanye yana so ya dafa a kwamfutarka kuma babu murhu. Mutane sai su ruga su sauke kayan haɗin Microsoft masu giga da yawa. Sau da dama ba sai an kai can ba, matsalar ita ce ka yi zumuɗin sa Python ɗin da ya fito satin jiya. Duk watan Oktoba ake fitar da sabo kuma masu laburare sukan ɗauki lokaci kafin su biyo, lokacin da 3.12 ya fito a 2023 ya cire distutils, tsohon kayan haɗa laburare, tsofaffin kaya da yawa sun ƙi girkuwa. Ni kullum ina bayan sabon da taki ɗaya, ban taɓa nadama ba. Masu koyo a waya da Termux ko Pydroid 3 ma kusan labarin ɗaya ne, ƙananan laburare na zallar Python suna shiga sumul, masu nauyi kuma a Termux gara ka fara duba ko akwai su a pkg, ɗan aiken Termux na kansa, kamar python-numpy, kafin ka bar waya tana zafi awa guda.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma shi ya hana ni ba su cikakken maki. Kasuwar nan ba mai duba kaya a bakin ƙofa. Kowa zai iya buɗe akawun ya ɗora abin da ya ga dama da sunan da ba a riga an ɗauka ba, kuma in ɗanyen fayil ne, kod ɗin cikinsa yana iya fara aiki tun lokacin girkawa kafin ka rubuta import ma. A 2017 hukumar tsaron intanet ta ƙasar Sulobakiya ta gano jabun laburare a PyPI masu suna irin urlib3, an cire l ɗaya daga urllib3. A ƙarshen 2019 aka kama wani jeIlyfish da aka rubuta da babban harafin I a madadin l, ido ba zai bambance shi da jellyfish na gaske ba, aikinsa satar makullan SSH, waɗanda ake shiga wata kwamfuta daga nesa da su, kuma ya kusa shekara a ciki kafin a farga. A Disambar 2022 masu PyTorch da kansu suka fito suka ce duk wanda ya girka sigar gwaji ta dare tsakanin 25 da 30 ga wata a Linux ya cire, saboda wani ya ɗora jabun torchtriton a PyPI kuma pip ya ɗauko nasa. A Disambar 2024 kuma ultralytics, wanda ɗalibai da yawa ke amfani da shi wajen gane abubuwa a hoto, aka cusa wa wasu sigoginsa manhajar haƙar kirifto. Wannan ba jabu ba ne, na gasken ne aka shiga.

In za a yi adalci masu PyPI suna ƙoƙari. Tun 1 ga Janairun 2024 duk mai ɗora kaya dole ya sa tantancewa mai mataki biyu, kuma a Mayun 2023 da Maris 2024 sun rufe sabuwar rijista na ɗan lokaci da ɓarayin suka yi yawa. Mutane ƙalilan ne ke riƙe da wurin, yawancin masu laburaren ma aikin sa kai suke yi bayan sun tashi daga aikinsu na albashi, to da wane baki zan zage su. Amma nauyin duba suna a kanka yake. Abin da ke ƙara rikita sabon shiga shi ne sunan da kake import da shi ba lallai ya zama sunan da ke kasuwa ba: cv2 sunansa opencv-python, PIL sunansa Pillow, yaml sunansa PyYAML, sklearn kuma scikit-learn. Ka ga ModuleNotFoundError ka kwafi sunan ka liƙa a gaban pip install, to caca ka yi. Yanzu ga masu tambayar manhajojin hira na AI, su ma wani lokaci sukan ƙirƙiro sunan laburaren da babu shi. Kuma pip search da zai taimaka an kashe shi tun Disambar 2020, sai dai ka buɗe burauza. Ni dokata ita ce daga shafin masu laburaren nake kwafo umarnin, ba na rubutawa da ka.

Za a tambaye ni Anaconda fa, wato Python ɗin da ke zuwa da tarin laburare a ƙunshe, tunda malamai da yawa shi suke cewa a sa. Yana da amfaninsa, ya zo da Jupyter da pandas da komai a haɗe kuma conda, ɗan aikensa, ya iya girka abubuwan da ba na Python ba, amma fayil ɗin girkawar kaɗai ya kusa giga 1 kuma mafi yawan abin da ke ciki ba za ka taɓa buɗewa ba. In a filash wani ya ba ka to madalla, in da datarka ce Miniconda ko Miniforge, ƙananan da ke zuwa da conda ba tare da tulin kayan ba, sun fi. A lura kuma ma'aikatar da ke da mutum 200 zuwa sama sharuɗɗan Anaconda sun ce sai ta biya, ɗalibi a gida wannan bai shafe shi ba.

Wanda ya burge ni kwanan nan shi ne uv na kamfanin Astral, ya fito a Fabrairun 2024, da Rust aka rubuta shi, kuma daga PyPI ɗin dai yake ɗauko kaya, wato ɗan aike aka canza kasuwa na nan. Su sun ce ya fi pip sauri sau 10 zuwa 100. A gwajina in kayan suna ma'ajiya kafin ka ɗaga kofin shayi ya gama, har sai da na sake dubawa ko da gaske ya girka. Amma in sabon saukewa ne a kan sabis ɗinmu, giga 2 giga 2 ce ko wa ka aika. Ina amfani da shi a ayyukana, sai dai sabon ɗalibi da pip nake fara masa, don duk darasin da zai gani da duk amsar da zai samu a Stack Overflow da pip aka rubuta.

In maki ne, PyPI na ba ta 4 cikin 5, ɗayan na riƙe saboda ƙofar da ba mai gadi. pip kuma 3 da rabi, ranar da ya koyi faɗin jimillar girman kaya ya jira in ce eh zan cika masa. Shi kuwa ƙanena jiya ya zo da laftop ɗinsa, muka goge abin da ya yi, muka buɗe venv, na ba shi torch ƙarami daga filash ɗina, minti biyar ba a yi ba kod ɗinsa ya tashi. Yana fita ya juyo wai yaya kuɗin datar fa, na ce ya je ya tambayi malamin YouTube ɗinsa.